Gurbin Rana a Fostar Reno

Glenys Azzopardi ba ta yanka sunan mawaƙin da ba ta ji muryarsa ba. Ko gobe ne wasanka, ko da gudu ka zo kana haki, sai ka tsaya a tsakiyar shagonta da ke bayan Titin Smith, a unguwar Collingwood ta Melbourne, ka rera mata baiti ɗaya, ita kuwa tana wasa wuƙa ko kallonka ba ta yi. Mai jin kunya ya kawo kaset. In ta ji abin da take nema sai ta ce, "Ya isa haka, kada ka korar mini kyanwa," ta jawo jar leda ta shimfiɗa a tebur.

Fostar wasan makaɗa ce sana'arta. Wuƙaƙe bakwai gare ta, da rariyar siliki huɗu, da tebur ɗaya mai ɗingishi. Da wuƙa take yanke haruffa a jikin ledar, ta ɗora a kan rariya, ta zuba tawada ta ja da katako mai bakin roba, takarda bayan takarda. In aiki ya yi daɗi takan fitar da ɗari biyu kafin hannunta ya gaji. Kuma ba ka taɓa ganin mawaƙa biyu da haruffa iri ɗaya a wurinta. Wata yarinya mai siririyar murya da ke kaɗa jita ita kaɗai ta samu haruffa dogaye kamar tsinken tsintsiya. Wasu samari huɗu masu ihu a madadin waƙa, Glenys ta ajiye wuƙa ta yayyaga nasu da hannu. Wani ƙato mai busa ƙaho kuwa, ta zaunar da harafinsa na farko a kan na biyu har ya lotsa shi. Mutumin ya yi fushi, ya ce an ci mutuncinsa, amma da ya ga ɗakin wasa ya cika sai ya dawo ya ce a ƙara masa hamsin.

A kamfanin takalma ta koyi wuƙa, inda ta yi shekara goma sha biyar tana yanka fata. Iyayenta daga Malta suka zo. Uwarsu ta rasu Glenys tana da shekara sha biyar, ƙanenta Reno yana da shida, saboda haka ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta dake shi ranar da ya sayar da kekensa ya sayi tsohuwar jita. An yi wani direban tarago, jirgin nan da ke bin titunan gari a kan dogo, da ya daɗe yana zuwa shan shayi gidansu, har ya gaji ya auri wata a Geelong. Da Reno ya fara waƙa a mashayar unguwa ba shi da mai yi masa fosta, sai ta ɗauko wuƙar fata ta yanka masa haruffa huɗu na sunansa. Muryarsa mai kaushi ce, tana jan ƙafa a bayan kiɗa kamar mai dawowa daga dogon aiki, don haka ta jingina haruffan da juna, kowane yana tokare da kafaɗar ɗan'uwansa. Da aka rufe kamfanin takalman, wannan ya zama abincinta.

Fosta kuwa ba ta kai kanta bango. Wannan aikin Kev Dunstan ne, wanda kowa ke kira Mai Bokiti. Mutum biyar gare shi, da tsohuwar mota mai tsani a kai, da bango arba'in da ɗaya daga Fitzroy zuwa gadar Titin Johnston. Da kunun fulawa suke liƙi, sabuwa a kan tsohuwa, har wani bangon takardarsa ta kai kaurin katifa. Doka ɗaya ce a tsakaninsu, kuma Kev ya taɓa korar ɗan ƙanwarsa a kanta: ba a rufe fostar da ranar wasanta ba ta wuce ba. Ko ta maƙiyinka ce, ko ta yage ta zama tsumma, in ranar tana gaba ba ka taɓa ta. Rana ta wuce, washegari ta zama bango.

A watan Afrilu na 1993 mai wata babbar mashaya ya ba Reno ɗakinsa na sama, mai cin mutum ɗari huɗu. Shekara ashirin Reno yana waƙa a lungu bai taɓa samun irinsa ba. Glenys ta buga fosta ɗari uku, baƙi a kan ruwan ɗorawa, mafi kyan abin da ya taɓa fita daga hannunta. A ƙasa ta bar farin gurbi mai faɗin tafin hannu inda za a rubuta rana, domin Reno ya kwana biyu yana fama da dusashewar murya, likita kuma ya ce a dakata a ga sakamakon gwaji. Kev ya ce a liƙa tun yanzu gari ya ɗauki zafi, rana ta biyo baya. Aka liƙa uku-uku a kowane bango.

Sakamako ya fito, ciwon daji ne a maƙogwaro. Kafin sanyi ya kankama, wanda a ƙasar nan a watan Yuni yake shigowa, an yi masa aiki an cire masa wurin da murya ke fita gaba ɗaya.

Fostocin suka zauna a bango da farin gurbinsu. Rana ba ta wuce ba, tunda ba a sa ta ba, don haka babu mai taɓa su. Ruwan Yuni ya dake su, na Yuli ya ƙara. Duk wadda ta ɓare, Glenys takan fita da safe da ƙaramin bokiti ta maye gurbinta daga ragowar da ke ƙarƙashin tebur. Ta san adadinsu kamar yadda ta san haƙoranta: ɗari da saba'in da bakwai, sannan ɗari da ashirin, sannan tamanin.

Reno ya fito daga asibiti da wata 'yar na'ura mai kama da tocila, wadda yake dannawa a gefen wuya ta fitar masa da magana. Muryar kamar ƙudan zuma ne a cikin gwangwani. Shi da kansa yake cewa yanzu shi da firijin gidansa suke gasar waƙa, kuma firijin ya fi shi riƙe numfashi.

Da bazara ta matso, wasanni suka yi yawa, Kev ya shigo shago ya cire hula ya zauna a kan gwangwanin tawada.

"Gwaggo, shayi ko sai na roƙa?"

"Uwarka ce gwaggo. Da shekara biyu na girme ka. Ga buta can."

Ya haɗa shayinsa, ya daɗe yana juya cokali.

"Yarana sun fara ƙorafi. Wuri uku a kowane bango, kuma mafi kyawu, daidai idon fasinjan tarago. Yaran nan masu ihu, waɗanda kika yaga musu haruffa, na rasa inda zan sa su sai bayan kwandon shara. Mutum tara suka yi wa wasa, biyu daga ciki iyayensu ne."

"Su koyi waƙa."

"Ke kike yanka musu fosta, ke kike hana su bango."

"Ranar ta wuce ne, Kev?"

"Ba ta wuce ba."

"To sha shayinka."

Ya sha. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ni dai ba zan rufe ba, kin sani. Ko masu liƙin unguwar Richmond da suka zo da burushi za su rufe, na kore su. Amma kin taɓa tambayar mai sunan?"

Ba ta tambaye shi ba. Shi ya zo da kansa ranar wata Lahadi, riƙe da ƙunshin pastizzi masu zafi, 'yan gashin fulawar nan na Malta, irin masu cuku a ciki da uwarsu ke gasa musu suna yara. Shi ba ya iya cin su sosai yanzu, amma yana son ya ga tana ci. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna, ya danna na'urar a wuya.

"Yaya, ki cire ni daga bango."

"Ka ci wani abu yau?"

"Daga gidana zuwa asibiti sau goma sha huɗu nake ganin sunana. Mai jarida ya ce yaushe. Mahauci ya ce yaushe. Matar da ke ɗibar jinina ma, da allura a hannuna, ta ce yaushe ne, tana so ta zo da mijinta."

"Sai ka ce musu in ka warke."

"Ba mura ba ce, Yaya. Sun cire ta. Ko dai tana cikin kwalba ko sun ƙona ta."

Glenys ta ɗauki wuƙa ta fara wasawa, alhali ta wasa ta da safe.

"Likitoci kullum suna fito da sabon abu," ta ce.

"To su fito da shi. In sun fito ki buga sabuwa, ki yi mini haruffan firiji."

"Ba na son wannan wasan."

"Ni ma ba na son naki."

Ya tashi ya tafi, ya bar mata ƙunshin. Ta cinye guda shida a tsaye, saboda ba ta zubar da abinci, sannan ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ƙirga. Saura talatin da ɗaya. Abin da ba ta iya faɗa masa shi ne, muddin gurbin nan yana fari, a wurinta Reno mawaƙi ne da ke jiran rana. In aka rufe, ya zama mara lafiya kawai.

A farkon Disamba jikinsa ya yi rauni har likita ya ce kada ya riƙa zuwa shi kaɗai. Glenys ta rufe shago ta raka shi. Shekara ashirin ke nan tana yi wa tagar tarago aiki, tana cewa abu uku kaɗai fasinja ke iya ɗauka daga bango, suna da wuri da rana, amma ita da ƙafa take yawonta, ba kasafai take hawa ba. Reno ya ba ta kujerar taga.

Bango na farko yana kwanar shagon magani. Baƙi a kan ruwan ɗorawa, haruffa huɗu jingine da juna, ana karanta su tun daga nesa. Aikin ya yi kyau, ba ta da abin gyarawa. Na biyu a jikin katangar makaranta. Na uku da na huɗu suna fuskantar juna, ko ina ka juya kai sai ka gani. Reno yana kallon takalmansa.

A tasha ta gaba wani mutum mai kayan leburan gini ya shigo, ya dube shi, fuskarsa ta washe.

"Reno ne? Kai, mutumina, na ga wasanka a Brunswick tun ina saurayi. Yaushe ne wannan na saman benen? Mun gaji da jira, matata kullum sai ta duba bangon."

Reno ya laluba aljihu, ya ɗauko na'urar, ya danna a wuya.

"Kwanan nan."

Mutumin ya yi tsaye da bakinsa a buɗe. Fasinjoji biyu suka waiwayo su ga abin da ya yi ƙara. Ya ce, "To, to, madalla," ya dafa kafaɗar Reno a hankali kamar mai tsoron ta karye, ya matsa can ƙarshen tarago, ya sauka a tashar da ba tasa ba ce, da ganin yadda ya tsaya yana waige-waige. Reno ya kau da kai wajen taga don kada ya haɗa ido da kowa, ga sunansa a bango yana jiransa.

Glenys ta ƙirga har asibiti. Goma sha huɗu ne, bai ƙara ko ɗaya ba.

A kan bencin jira ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ba ni rana."

"In kika rubuta rana mutane za su zo. In hau dandamali in yi musu kukan firiji?"

"To ya kake so in yi? In kankare ka da wuƙa? Ban taɓa kankare fostata ba, kuma Kev ba zai rufe ba."

Reno ya juya na'urar a hannunsa. Can sai gefen bakinsa ya motsa, irin motsin da yake yi yana yaro in ya saci sukari.

"Asabar ɗin da ta wuce me kika yi?"

"Wanki."

"Ni wasa na yi. Ɗaki ya cika maƙil. Kin yi asara, Yaya."

Ta dube shi. Ta so ta yi dariya, sai ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye a ciki ba, har aka kira sunansa.

Kev ya sosa ƙeya da ta gaya masa za ta rubuta ranar da ta riga ta wuce. Ya ce doka ta ce rana ta wuce, ba ta faɗi lokacin da aka rubuta ta ba, kuma shi ba lauya ba ne. Mai mashayar ma da aka je masa ya ce duk wanda ya tambaye shi zai ce ƙafafunsa har yanzu ciwo suke yi saboda hawa da sauka.

Saura haruffan ranar. Glenys ta shimfiɗa kwali, ta jera wuƙaƙenta bakwai, ta zauna. Ta saba ta ji murya kafin ta yanka, yau kuwa babu abin ji. Ta sa tsohon kaset ɗinsa, ta kashe kafin ya kai amshi. Daga ƙarshe ta ɗauki ƙaramar wuƙar ta yanka haruffa miƙaƙƙu, masu tsawo ɗaya, irin na allon tashar bas, waɗanda ba na muryar kowa ba ne. Asabar, 4 ga Disamba. Ba ta taɓa yanka irinsu ba, ba ta kuma sake ba.

Da kanta ta bi bangon arba'in da ɗaya da rana tsaka, tana ɗora kwalin a farin gurbi tana shafa baƙar tawada, Kev yana riƙe mata tsani yana mita a kan ƙafarsa da take takawa. Reno ya roƙi a bar su su ɗan kwana biyu mutane su karanta.

Suka kuwa karanta. Mai jarida ya kama kai ya ce yaya aka yi ya wuce shi, kullum yana duba bangon nan. Matar ɗibar jini ta ce laifin mijinta ne, ba ya lura da komai. Mahauci kuwa ya miƙa wa Reno tsiran alade kyauta ya ce ai yana can baya kusa da ƙofa, waƙar ƙarshe ta sa shi hawaye. Reno ya zo shago ya ba Glenys labari yana dariyarsa marar sauti, kafaɗunsa suna rawa, har sai da ya dafa tebur. Ba wanda ya sake tambayarsa yaushe. Da ya rasu a sanyin da ya biyo baya, mutum uku ne suka tashi a coci suka yi maganar wasan saman benen, ɗaya har da rigar da ya sa. Glenys tana kujerar gaba, ba ta gyara wa kowa ba.

Amma wannan daga baya ne. A makon nan na Disamba yaran Kev suka rufe bango arba'in. Na ƙarshe shi ne na ƙarƙashin gadar Titin Johnston, inda aka fara liƙa sunan Reno shekara ashirin da suka wuce. Kev ya zo shago da mota ya ɗauke su su biyu. Fostar da za ta hau ta samarin nan masu ihu ce, sabuwa, ja a kan fari, Glenys ce ta yaga haruffanta da hannunta.

Kev ya tsoma burushi a bokiti, ya ɗaga, kunu yana ɗiga a takalminsa. Ya tsaya.

"Gwaggo, kafaɗata ta riƙe."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu."

Ta karɓi burushin. Ta shafa kunu a kan sunan ƙanenta daga sama zuwa ƙasa, sau uku, yadda ta ga suna yi. Ta ɗora sabuwar takarda ta bi ta da burushi tana korar iska zuwa gefe. Daga cikin mota, ta tagar da aka sauke, ƙudan zuman ya yi magana.

"Ta karkace hagu."

"Rufe mini baki, ko in cire maka batir."

Ta gyara duk da haka. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku, ta sauko daga tsani.

Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta ɓoye abin da ke bayanta. Ta cikin farin sabuwar fostar ana ganin baƙaƙen haruffa huɗu sarai, jingine da juna, kamar mutane a bayan labule. Kev ya ɗaure tsani a kan mota, ya zubar da ragowar kunu a kwata, ya shiga ya tayar da inji. Zafin Disamba ya fara aikinsa daga gefe-gefe, fari yana cin baƙi a hankali.

"Yaya," in ji Reno, "zo mu tafi. Rana tana dukana."

"Bari ta bushe," ta ce.

Kev ya dubi Reno, ya kashe injin.